Yadda Na Sa Wa Gafiya Rigar Surukina

Ko da tsufa zai sa in manta lambar wayata da sunan unguwarmu, Asabar ɗin nan ba za ta fita daga kaina ba. Har yanzu in na tuna ta ina tsaka da cin tuwo, sai in ajiye lomar in sauke ajiyar zuciya. Matata Rabi ta ɗago kai ta ce, "Gafiyar ce kuma?" In ce ita ce.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don ku san irin mutumin da abin ya faɗa wa. Ni mai zane ne a Gwarzo. Na yi shekaru ina rubuta allunan shaguna da buroshi da gwangwanin fenti. In kun taɓa ganin kan mutum a jikin shagon aski tsakanin Gwarzo da Kabo, wanda kunnensa ɗaya ya ninka ɗayan girma, to aikina ne na farkon sana'a, a yi haƙuri. Da masu buga hoto a leda da inji suka kwashe mana kasuwa, sai na shiga Kano na sayo tabulet na hannu da alƙalaminsa, na zauna da furfurata da tabarau ina koyon zane a kan gilashi. Wata uku na farko duk abin da na zana kama yake da dankali. Daga baya dankalin ya fara yin ido da hanci. A hankali dai hannu ya faɗa, har aka san ni da zanen dabbobi masu sa kaya kamar mutane: akuya mai ɗankwali, zakara mai agogo, jaki ɗan acaɓa. Makarantu suna so, masu sayar da abincin kaji suna so.

Abu ɗaya ne zan roƙe ku ku riƙe game da wannan zanen, don shi ya kashe ni. Ba a kan takarda ɗaya ake yinsa ba. Ana yinsa ne leya-leya, kamar ka jera ledoji masu garau ɗaya a kan ɗaya. A wata ka zana layin tawada, a wata ka zuba launi, a wata ka sa inuwa, a wata ka sa ƙyalli. In ka duba daga sama sai ka ga hoto ɗaya. Kowace leya tana da ɗan hoton ido a gefenta. Ka taɓa idon, ta ɓace. Ka sake taɓawa, ta dawo. Shi ke nan. Ku riƙe ɗan idon nan.

Yanzu sai surukina. Ba zan faɗi sunansa ba, don tun da na auri 'yarsa sunan bai taɓa fita daga bakina ba. Baba Alhaji muke cewa. Ɗan kasuwar hatsi ne a Kabo, dattijo mai kwarjini, wanda in ya yi gyaran murya buhunan masara ma sukan gyara zama. Shekara ashirin da biyu ina zuwa gaishe shi, in cire takalmi tun daga bakin titi, in durƙusa har gwiwata ta yi ƙara. Bai taɓa wulaƙanta ni ba, Allah ya sani. Amma akwai wani abu. In mijin yayar Rabi ya zo, malamin asibiti, sai Baba Alhaji ya ce, "Yaya aiki?" In mijin ƙanwarta ya zo, mai shagon taya, ya ce, "Yaya kasuwa?" In ni ne, sai ya ce, "A'a, Mai Fenti. Yaya yara? Yaya gida? Yaya hanya?" Zai tambaye ni zafi, ya tambaye ni ruwa, wata rana har babur ɗina ya tambaya. Amma aiki, ko sau ɗaya. A wurinsa sana'a ita ce abin da ake aunawa da kwano, ko a je ofis a yi. Ni kuwa wasa nake yi, Allah ya haɗa ni da mace mai haƙuri.

(Kar ku ce ƙaramin abu ne. Na sha hawa babur daga Gwarzo ina gwada amsar a hanya: "Aiki da godiya, Baba." Har yanayin muryar na tanada. In dawo da ita ban yi amfani da ita ba.)

To sai ga wata ƙungiyar manoma, wadda ta haɗa mutanen garuruwan Gwarzo da Madadi da Jama'a, ta kawo mini aikin da ya fi duk wanda na taɓa samu. Ɗan littafi suke so mai hotuna, a kan yadda ake adana hatsi kar ƙwari da ɓeraye su cinye, wanda yaro zai karanta wa babansa. Ciyaman ɗinsu, Malam Hadi, ya zo shagona da kansa ya zayyana mini. Akwai Malam Kurege, manomi mai dabara. Akwai Inna Zabuwa, mai surutu da ba da shawara. Sannan akwai mugun labarin, Gafiya.

"Amma ka ji," in ji Ciyaman, "ba gafiyar bola nake so ba. Babban mutum nake so. Ka sa masa babbar riga, ka ba shi cika da kamala, irin wanda in ka gan shi da kanka za ka miƙa masa mabuɗin rumbunka."

Na ce, "Ciyaman, ka ɗauka an gama."

Kurege bai ba ni wahala ba, 'yar shara na sa masa da malafa. Zabuwa kwana biyu na yi mata, har da mayafi mai ɗigo-ɗigo irin gashinta. Gafiya kuwa ya nemi ya kai ni asibiti. Fuskar ta fito, gashin bakin ya fito, amma babbar riga ta ƙi. Wanda bai taɓa zana babbar riga ba ba zai gane ba. Riga ce mai ra'ayinta. Inda za ta tattare daban, inda za ta zubo daban, kuma in ka kuskure layi ɗaya a kafaɗa komai ya rushe. Na zana ta farko, ta fito kamar an lulluɓe injin niƙa da tamfol. Ta biyu kamar gidan sauro. Ta tara Rabi ta leƙa ta ce, "Wannan mara lafiya ne aka naɗe a bargo?"

Ina cikin wannan hali ina juya hotunan wayata, sai na faɗa kan wani hoto da na ɗauka ranar wani suna a Kabo. Baba Alhaji ne a tsaye a ƙofar gida. Shadda ruwan bula, aikin aska takwas a ƙirji, hula ƙube an ɗan karya ta gefe. Hannun hagu ya ɗaga yana aza hannun rigar a kafaɗa, na dama riƙe da carbi, ciki ya ɗan yi gaba kaɗan kamar yana jagorantar sauran jikin. Wallahi duk ƙasar Kano ba wanda ya iya sa babbar riga kamar mutumin nan. Kowace tattara tana inda ya kamata.

Shaiɗan ya matso kusa ya ce, "Rigar kawai za ka ara." Na ce a'uzubillahi. Ya ce, "Wa zai sani?" Na ce shi ke nan, rigar kawai.

Na ɗauko hoton na sa shi a leya ta can ƙasa, na rage masa ƙarfi ya zama dishi-dishi, na buɗe sabuwar leya a sama na fara bi da tawada. Kai, ranar na ji daɗin sana'ata. Layin waje in danna alƙalami ya fito da kauri, na cikin tattara in sassauta hannu ya fito siriri kamar zare, ya ƙare da tsini. Na rufe kowane layi ruf, don in ka bar 'yar kafa launi tsiyayewa yake ya cika hoton. Inda kan Baba Alhaji yake na zana kan gafiya, na bar hular yadda take, na fito da kunnuwa ta gefe. Inda carbi yake na sa zangarniyar gero. Na ƙara wutsiya ta leƙo ta ƙasan riga. Da na zo launi, na ce tunda an ari riga ai sai a ara har da ruwanta, na sa ɗan abin tsotso launi na ɗebo bular nan daga hoton kai tsaye. Inuwa ban sa baƙi ba, baƙi kashe shadda yake, na sa shuɗi mai duhu da ɗan ja-ja a ciki. Sannan na bi kafaɗa da ƙirji da farin ƙyalli, irin na shaddar da ta sha bugu.

Da na so in ga layukana su kaɗai ba hoto, maimakon in goge hoton, sai na shimfiɗa farar leya a kansa ta rufe shi. Na ce in na gama zan goge. (Ku ma kun san irin wannan "in na gama". Ita ce ta sa har yau ƙofar banɗakinmu da igiya ake ɗaure ta.)

Gafiya ya fito. Jama'a, gafiya ya fito! Ni da na zana shi sai da na ji kamar in durƙusa in gaishe shi. Na kira Rabi ta gani. Ta tsaya ta karkata kai, ta daɗe tana kallo.

"Wannan tsayuwar kamar na san ta."

Na ce, "Haba, duk manyan mutane ai haka suke tsayawa."

"Kuma hular nan..."

"Rabi, tuwonki na ƙonewa."

Ta tafi tana waiwaye. Da ina da hankali, a nan zan tsaya. To amma a lokacin wani tunani ne ya cika mini kai. Ƙungiyar ta shirya taro ranar Asabar da hantsi a wani ɗakin taro a Gwarzo, za a nuna hotunan da majigi a bango, manoma su gani su amince kafin a kai wurin bugawa. Za a kira sunana a lasifika. Na ce yau ga ranar da Baba Alhaji zai ga cewa mijin 'yarsa ba wasa yake ba. Na matsa wa Rabi ta roƙe shi ya zo. Sau uku tana kiransa. A na ukun ya ce to, dama yana da wanda zai gani a Gwarzo.

Ranar Asabar na sa farin kaftani sabon ɗinki, na fesa turaren da ya isa mutum huɗu. Ɗaki ya cika, manoma a gaba, mata a gefe ɗaya, Rabi a cikinsu. Ana gab da farawa sai na ji ana "Sannu da zuwa Alhaji, a ba shi kujera." Na juya.

Shadda ruwan bula. Aska takwas. Ƙube an karya ta gefe.

Mutumin nan yana da riguna sun fi talatin. Akwai fara, akwai ruwan ƙasa, akwai wata mai ruwan goro da yake ji da ita. Amma ranar, da ya buɗe akwati, hannunsa bai sauka a kan kowacce ba sai wannan. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Mai Fenti, yaya yara?" Ciyaman ya zaunar da shi a layin farko, daidai tsakiya, kusa da wani dattijo daga Madadi da ake kira Malam Idi, wanda kunnensa ya yi nauyi, saboda haka duk abin da zai faɗa da ƙarfi yake faɗa.

Na lallashi kaina. Na ce shadda ruwan bula ai ta cika duniya, a ɗakin nan ma akwai mutum biyu da ita.

Aka fara. Kurege ya fito a bango, aka yi dariya. Zabuwa ta fito, mata suka ce wallahi sun san mai irin bakin nan a unguwarsu. Sai Gafiya. Ɗaki ya ɗauki "Kai! Kai! Kai!" Wani ya ce, "Wannan ai ko ni zan ba shi ajiya." Ciyaman yana ta gyaɗa kai kamar shi ya zana. Na saci kallon Baba Alhaji. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya ɗan karkata wajen Malam Idi ya yi masa magana a kunne. Malam Idi kuwa ya maimaita wa duniya:

"Alhaji ya ce ai injin ne yake zanawa! Shi dannawa kawai yake!"

Aka yi 'yar dariya. Ni kuwa maganar ta soke ni har ƙashi. Sati uku ina fama, wuyana ya ƙage, idona ya yi ja, a ce inji? Da na yi shiru, da an tashi taro lafiya, an ci alkaki an watse. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Ciyaman, a ba ni minti biyar in nuna wa iyayenmu yadda ake aikin nan, don a san hannu ne."

Na buɗe asalin aikin a tabulet, ya fito a bango, leyoyin a jere a gefe da 'yan idanunsu. Na gyara tsayuwa, na canza murya ta koma irin ta masu lacca.

"Jama'a, kun ga ƙyallin shaddar nan? Da hannu na sa shi. Ku duba." Na taɓa ido, ƙyalli ya ɓace, riga ta dushe. Aka ce, "Ikon Allah!"

"Kun ga inuwar nan da ta sa cikinsa ya fito? Ku duba." Na taɓa, gafiya ya zama shafal kamar an goge shi da dutsen guga. Aka tafa.

"Launin ma daban yake." Na taɓa, bula ta tafi, saura baƙin layi a kan fari. Malam Idi ya ce, "Ya tuɓe masa riga bai taɓa shi ba!" Daɗi ya kama ni. Na kalli Baba Alhaji, na ga ya ɗan matso gaba a kujera. Shekara ashirin da biyu ban taɓa ganin ya matso don wani abu nawa ba. Kaina ya kumbura ya kusa taɓa silin.

"Wannan layin da kuke gani, shi ne tawada, shi ne asalin gwaninta. Kowane ɗaya da hannuna na ja shi, ba inji, ba kowa. Daga kaina ya fito. Kai, ita kanta farar takardar nan da kuke gani, ita ma leya ce. Ku duba."

Na taɓa.

Ban kalli bango ba da farko, jama'a nake kallo ina murmushi, ina jiran tafi. Sai na ga tafin bai zo ba. Na ga bakin Ciyaman a buɗe. Na ga Rabi ta ɗora hannu biyu a ka. Na juya.

Ga Baba Alhaji a bango, tsayinsa ya kai mutum biyu, a ƙofar gidansa ta Kabo. A kan fuskarsa ga dogon baki na gafiya da baƙar tawada, ga gashin baki uku-uku, ga kunnuwa sun fito ta gefen hula. Carbinsa yana cikin zangarniyar gero. Wutsiya ta leƙo ta ƙasan riga. Hoton da na ce dishi-dishi ne, majigin nan ya fito da shi tar, har ana ganin tabon sallarsa.

Ina jin ƙarar fankar majigi. Ina jin wata akuya tana kuka a can bakin kasuwa. Sai Malam Idi ya kalli bango, ya kalli na kusa da shi, ya sake kallon bango, ya ce da muryar da ta isa har garin Jama'a:

"Alhaji! Ai kai ne!"

Na kai hannu in mayar da farar leyar. Garin sauri, na taɓa idon tawada. Gafiya ya ɓace, saura Baba Alhaji shi kaɗai, tsaf. Na sake taɓawa, gashin baki ya dawo. Na sake, ya tafi. Alhaji, gafiya, Alhaji, gafiya, kamar ina yi da gangan don wanda bai gane ba ya gane. Na sa yatsa biyu in janye hoton gefe, sai ya zuƙo, fuskar ta cika bangon gaba ɗaya. Da na rasa dabara sai na yi tsalle na tsaya a gaban majigin in tare hasken da jikina. Na manta farin kaftani ne a jikina, kuma Allah ya hore mini fili a gaba. Surukina ya fito a kan tumbina, da kunnuwansa, yana hawa yana sauka da numfashina.

Har lokacin mutane suna riƙe da dariyarsu, don girman Alhaji. Wasu sun cusa hula a baki. Ku tuna kuma sana'arsa: mutumin da yake sayen hatsi ya tara a sito, shi na mayar gafiyar da ke kwashe rumbun talakawa, a gaban manoman da yake saye a hannunsu. Ko maƙiyinsa ba zai tsara abin haka ba.

Baba Alhaji ya miƙe a hankali. Ya gyara hula. Sannan, kamar yadda ya saba yi duk lokacin da zai tafi, ya ɗaga hannun hagu ya aza hannun rigar a kafaɗa.

Daidai irin na gafiya.

Nan ɗakin ya fashe. Wani ya faɗo daga benci. Ciyaman ya fizge wayar majigi daga bango yana "Subhanallahi, subhanallahi," amma kafaɗunsa rawa suke. Baba Alhaji ya fita bai waiwaya ba, ni kuwa ina tsaye da alƙalami a hannu ina roƙon ƙasa ta taimaka ta buɗe.

A gida Rabi ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta ce, "Na ce maka na san tsayuwar." Kwana biyu tana ajiye mini abinci kamar ana ajiye wa ɗan haya. Ciyaman ya kira ya ce ba za a buga littafi ba sai Alhaji ya yafe, don ba za su raba wa yara abin da za a riƙa nuna dattijo da shi a kasuwa ba. Rana ta uku da safe Rabi ta miƙo mini hulata ta ce, "Kabo."

Na same shi a ƙofar sitonsa a kan tabarma, da farar riga. Na cire takalmi tun daga wajen masu awo, na durƙusa nesa, na gaishe shi. Ya amsa. Bai tambayi yara ba. Na fara jawabin da na haɗa a hanya, mai ɗauke da "kuskure" guda goma sha ɗaya, ya ɗaga hannu.

"Ka zo da abin?"

Na ce na zo da shi.

"Buɗe. Matso nan, ba cizo nake ba. Ko da yake ka ba ni haƙoran."

Na matsa. Tunda nake ban taɓa zama kusa da shi haka ba. Ya sa tabarau, ya ce in cire, in mayar, in cire, in mayar. Ya sa yatsa yana bin layin kafaɗa.

"Wannan layin, injin ne ya ja?"

"Ni ne, Baba."

"Me ya sa nan ya yi kauri, nan ya sirance?"

Na ce inda riga ta yi nauyi ake dannawa, inda ta saki a sassauta. Ya ce in mayar da launi. Na mayar. Ya ce inuwa. Na mayar. Ya daɗe yana kallon ƙyallin ƙirjin.

"Har inda mai bugu ya fi dannawa ka fitar," ya ce, kamar da kansa yake magana. Ya cire tabarau. "Mai Fenti, ka san abin da ya ba ni haushi? Tun kafin ka cire farar takardar nan na gane kaina. Gafiyan yana fitowa na ce wannan ni ne. Shi ya sa na ce inji ne, don in inji ne ba ruwan kowa. Kai kuma ka tashi ka rantse wa jama'a cewa hannunka ne."

Na sunkuyar da kai.

"Da ba ka iya ba, da ba wanda ya gane ni. Matsalar ka iya."

Jama'a, yabon da na yi shekara ashirin da biyu ina jira ke nan, kuma a haka ya zo. Ban san ko in ce na gode ko in ce a yi haƙuri ba, sai na haɗa su biyun suka fito wani iri.

Ya kira a miƙo masa wata leda daga cikin sito. Ya ajiye a gabana. Na leƙa: shadda ruwan bula.

"Ni dai na gama sa ta. Jiya na ratsa kasuwa wani yana tambayata ina na baro wutsiya. Tashi ka sa."

"Baba, a nan?"

"A nan."

Na sa babbar rigar surukina a bakin sito, masu awo da masu ɗaukar buhu sun daina aiki suna kallo. Ya ce in aza hannun a kafaɗa. Na aza, ya zame. Ya ce, "Ba haka ba, kai ko riga ba ka iya sawa ba, ɗaga gwiwar hannu." Ya karɓi wayata ya ba wani mai awo ya ce ya ɗauka. Ya leƙa hoton ya gyaɗa kai.

"Yauwa. Ka goge nawa a gabana, ka sa wannan a ƙasa, ka sake bi. Ciyaman ya ce babban mutum mai ciki yake so, ko? To naka ya fi nawa. Na gani a gaban majigi."

Haka aka yi. Na goge a gabansa, ya sa na nuna masa wurin babu komai har sau biyu. Na koma na sake zana Gafiya daga farko a kan hotona, na canza hular, na mayar da rigar ruwan ƙasa. Ciyaman ya ce wannan ma ya fi na farko kama da marar gaskiya. An buga littafi, an raba a Gwarzo da Madadi da Jama'a. Yanzu in na wuce ta gaban makarantar firamare a kan babur, sai in ji ana "Ga Gafiya! Ga Gafiya!" In ɗaga musu hannu. Me zan ce? Tumbin nawa ne, tsayuwar tawa ce.

Abin da na koya, in kuna so ku ɗauka: in ka ari abu ka sa a ƙasan aikinka, goge shi za ka yi, ba rufewa ba. In kuma ka rufe, to ka daina kiran jama'a su zo su ga yadda kake cire murfi ɗaya bayan ɗaya. Yanzu kafin in nuna wa kowa aiki sai na leƙa leyar ƙasa sau uku, kamar mai duba ko ya kulle shago.

Da sallah ƙarama na je Kabo gaisuwa, sanye da shaddar, don Rabi ta ce in ban sa ba zai ce na raina kyauta. Na durƙusa. Mijin yayarta yana gefe, mai taya yana gefe. Baba Alhaji ya dube ni sama da ƙasa.

"A'a, Mai Fenti. Yaya yara? Yaya hanya?" Ya ja carbi. "Yaya aiki?"

Amsar da na yi shekara ashirin da biyu ina gwadawa a kan babur ta gudu ta bar ni. Na buɗe baki na ce, "Suna gaishe ka, Baba."